Daɓen Garejin Hedimasta

A wata unguwa da ke gangaren kogin Kaduna, inda ƙasa ba ta rabuwa da laima sai rani ya yi nisa, akwai wani dattijo da ya shekara talatin da biyar yana koyarwa a makarantun firamare kafin ya ajiye alli. Har yau ba mai kiransa da sunan yanka, yaro da babba Hedimasta suke ce masa. Abin da ya mallaka bai taka kara ya karya ba: gidan da ya gina da guminsa, da 'yar gona a bayan gari, da wata tsohuwar mota Peugeot 504, irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a masana'antar Kaduna da ta soma aiki cikin 1975. A hannun wani ya saye ta, kuma ko da yake ta tsufa, tun da ta shigo gidan ba ta taɓa kwana a waje ba. Makwancinta shi ne gareji mai faɗin ƙafa 10 da tsawon ƙafa 20, a jikin gidan ta wajen ƙofa.

Wanda bai san irin waɗannan gidaje ba sai ya ɗauka gareji na mota ne kaɗai, alhali kuwa ba haka ba ne. Gidajen da aka zana a takarda irin na Turawa ba a yi musu zaure ba, to, da yake magidanci ba ya zama ba zaure, sai gareji ya gaji aikin. A nan ake jibge buhunan masara in kaka ta yi. A nan Hajiya, uwargidan Hedimasta, take baza shanyarta in hadari ya taso ba shiri. Ran suna ko ɗaurin aure ko zaman makoki sai a fitar da motar, a shimfiɗa tabarmi, maza su zauna. Da almuru kuwa jikoki a nan suke biya karatun allo. Saboda haka daɓen wurin ba taya huɗu kaɗai yake ɗauka ba, har da ƙafar tsohuwa da gwiwar jariri mai rarrafe.

Daɓen farko, in za a faɗi gaskiya, Hedimasta ne da kansa ya cuce shi. Yana cikin mutanen da suka tashi suna ganin siminti kamar zinariya. Yana saurayi aka yi abin nan na 1975, sa'ad da gwamnati ta sayo siminti fiye da abin da tashar jiragen ruwa ta Ikko, watau Legas, za ta iya saukewa, jirage ɗaruruwa suka yi cirko-cirko a teku wata da watanni, har wani simintin ya daskare a cikinsu, ga kuma talaka a nan tudu yana neman buhu guda da ƙyar. Da ya zo nasa ginin, sai ya riƙa ƙirga buhu kamar yadda yake ƙirga alli a ofis. Ya sa aka zuba jar ƙasa, ba a kirɓe ta ba, aka shafa mata siminti da yashi wanda kaurinsa bai kai inci 2 ba. Ga shi kuma cikin hunturu aka yi aikin, iska ta zuƙe ruwan tun simintin bai kama ba, ba kuwa wanda ya tuna ya yayyafa masa wani. Shekara ba ta zagayo ba sai ga tsaga ta ratsa daga ƙofa har ƙurya. Tun daga nan kullum aka yi shara sai ƙura ta turnuƙe, watau daɓen ne da kansa yake komawa gari. Baƙin man da ke ɗiga daga injin kuwa ya shiga ya zauna, ya yi tabo kamar faɗin faifai.

Haka aka zauna shekara da shekaru, ba wanda ya damu, sai da aka sa ranar auren autar gidan. Babban ɗan Hedimasta, wanda ke aiki a Abuja, ya zo ya leƙa garejin, ya girgiza kai. Ya ciro wayarsa ya nuna wa mahaifinsa hotunan garejin mutanen Amurka, daɓe yana sheƙi har mota tana ganin cikinta a ciki kamar madubi. Ya ce, “Baba, surukai a nan za su zauna. Ai bai kyautu su tashi da ƙura a manyan riguna ba. Ka bar mini wannan, ni zan biya.”

Hedimasta ya yi 'yar gardama irin ta dattawa, amma a ransa abin ya burge shi. Aka samo wani mai fenti cikin bazara, ya share wurin, ya wanke da sabulu, ya cike tsagar, ya shafa fenti ruwan toka sau biyu daga gwangwani guda, ya ce wannan shi ne ifoksi da ake faɗi. Kwana uku ya gama. Ran ɗaurin aure kowa ya shigo sai ya duba ƙasa ya yi barka, har wani maƙwabci ya tuɓe takalmi tun daga waje don yana tsammani falo ne.

Ba a jima ba ruwa ya sauka. Cikin watan Yuli fentin ya fara yin bororo nan da can, kamar fatar da ta ƙone, in aka taka sai ya fashe, a ga danshi a ƙarƙashi. Wata safiya kuma Hedimasta ya fitar da motar, ya waiwaya, sai ga ɓawo huɗu sun ɓamɓare daidai inda tayoyin suke tsayawa. Ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san sha'anin. Taya in ta sha tafiya a kan kwalta takan ɗauki zafi, ta zo ta zauna a kan fenti mai rauni ta tausasa shi, in ta huce sai ta riƙe shi gam, gobe ta tashi da shi. Laimar ƙasa kuwa ba ta zama wuri ɗaya, kullum neman hanyar fita sama take yi ta 'yan kafofin siminti waɗanda ido ba ya gani. Dā tana fita ta bi iska ba wanda ya sani. Da aka rufe mata hanya da fenti, sai ta taru ta ɗaga shi.

Duk wannan hasarar kuɗi ce, da ta tsaya nan da sauƙi. Ran wata Laraba cikin Agusta, Hedimasta ya dawo daga gona ana sheƙa ruwa, ya shigar da motar tana tsiyaya. Hajiya ta fito da ƙwarya za ta ɗebi masara, ta taka inda fentin bai ɓare ba tukuna, ƙafa ta kwashe. Ta kai hannu za ta dafa, hannun ya karye a wuyansa. Mace ce da ta haura shekara sittin da biyar, ƙashi ba ya saurin kamawa, ta yi wajen wata biyu ba ta iya ɗaura zane da kanta. Ba ta ce masa uffan ba game da fentin, wannan shirun kuwa ya fi yi masa ciwo da a ce ta yi faɗa. Ya sa aka shimfiɗa tsofaffin buhuna daga ƙofar cikin gida har inda masara take, ya ƙudura a ransa cewa wannan karon da kuɗinsa za a yi gyara, kuma shi zai zaɓa.

To, kuɗin nan ba su da yawa, ɗan abin da ya rage ne na sallamar aiki, da na bijimin da ya kiwata. Wanda ya ga yadda buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da yawa a farkon 2024 ya san ba a yin irin wannan aiki sau uku. Masu ba da shawara kuwa ba su yi ƙaranci ba.

Na farko mai sayar da tayil ne, ɗalibinsa na dā, wanda ya yi alkawarin rage masa kuɗi. Hedimasta ya je shagon ya zuba ruwa a kan tayil guda, ya goga tafin hannu, ya ji ya fi fentin nan santsi. Yaron ya kawo wani mai kauri, mai kaushi, wanda aka gasa da wuta mai tsanani, ya ce wannan yana ɗaukar mota. Bai yi ƙarya ba, amma da sharaɗi. Motar nan ta fi tan guda nauyi, nauyin kuma a kan wuri huɗu yake sauka, kowanne bai fi tafin hannu ba. In aka zo canja taya, sai kaso mai yawa na nauyin ya koma kan gindin jak. Muddin mai liƙa tayil ya bar rami a ƙarƙashi ko da kamar bakin ludayi ne, nan zai fashe, kuma akasarin masu wannan aiki gutsura-gutsura suke sa siminti su danna, domin sun saba da ɗaki inda ba abin da ke takawa sai mutum. Ga kuma layukan da ke tsakani, waɗanda ke shan baƙin mai ba su saki.

Wani abokinsa, tsohon akawu, ya ce ai ba kamar tarazo. Lalle duk wanda ya shiga tsofaffin asibitoci da makarantun gwamnati ya ga tarazo da ya shekara hamsin ana takawa bai gaji ba. Sai dai tsakuwarsa ta farin dutse ce, irin wanda ake haƙa a Jakura kusa da Lokoja da kuma Igbeti a Jihar Oyo, shi kuwa wannan dutse ba ya shiri da ruwan batir, ɗigo kaɗan ya isa ya ci shi ya bar rami. In an goge shi ya yi sulɓi, ruwa ya zuba, labarin Hajiya ne zai sake maimaituwa. Ga tsada, ga gwanayen aikin sun yi ƙaranci. Tubalan nan na intalok da ake jerawa a tsakar gida ma an ambata, Hajiya ce ta kashe maganar da tambaya ɗaya: in masara ta zube tsakaninsu, wa zai tsince ta, ita ko tururuwa?

Wanda ya fi tsayawa a kan bakansa shi ne ɗan nan na Abuja, don kunya ta kama shi, yana so ya wanke kansa. Ya yi bincike, ya bugo waya ya ce, “Baba, cutarmu aka yi. Ifoksi na gaskiya ba ya zuwa a gwangwani ɗaya. Biyu ne, da ƙaron da maganin da ke sa shi ya daskare, sai an gauraya su a shafa nan da nan, musamman da zafi, in ba haka ba ya sandare a bokiti. Kuma ba a shafa shi sai an kawo inji an gurje fuskar simintin. Wannan mai ba ya kama shi, taya ba ta ɗaga shi.” Duk abin da ya faɗa haka yake. Abin da bai tambaya ba shi ne, a kan me za a shafa shi.

Wannan tambaya wani tsohon birkila ne ya yi ta, mutumin da ya yi ƙuruciyarsa a ma'aikatar ayyuka, yanzu ba ya hawa gini sai dai ya tsaya a kan yara. Liman ne ya haɗa su. Ya zo cikin Satumba, ƙasa tana jiƙe sharkaf, bai ko dubi fentin ba. Ya ɗauki guntun rodi ya bi daɓen yana ƙwanƙwasawa, inda duk ya buga sai ya amsa kamar ganga, alamar ƙasa ta zauna ta bar siminti a rataye. Ya kankare wani wuri kusa da tabon mai, ya ɗiga ruwa, ruwan ya dunƙule ya ƙi shiga. Sa'an nan ya yanko leda mai kauri, inci 18 kowane gefe, ya shimfiɗa a inda ya kankare a ƙurya, ya liƙe bakinta duka da salatif, ya ce kada kowa ya taɓa sai ya dawo. Washegari da hantsi ya ɗaga ledar, cikinta ya yi raɓa, simintin da ke ƙarƙashi ya yi duhu.

Ya ce, “Ranka ya daɗe, ka gani da idonka. Ko daga ina aka kawo abin shafawa, ko nawa ne kuɗinsa, a kan wannan zai zauna. Mai ya hana shi kamawa ta sama, laima ta tura shi ta ƙasa. Tayil ma in ka ɗora, da ƙasa ta ƙara zama zai bi ta. Ba riga ce ta lalace ba, jikin ne ba lafiya.”

Hedimasta ya ce, “To, Malam, mene ne magani?”

Ya ce, “A fasa.”

Kalmar ta yi wa Hedimasta nauyi, don a lissafinsa kuɗin da za a kashe a ƙarƙashin ƙasa, inda ba mai gani, su ne kuɗin da ya tanada don abin da za a gani. Ya kwana biyu yana juya maganar. Hajiya ce ta raba gardamar, tana zaune da hannu a rataye. Ta ce, “Malam, ka manta daɓen ɗakin Inna?” Bai manta ba. A ƙauyensu, in za a yi wa amarya ɗaki, mata ne suke taruwa, a zuba tsakuwar marmara a baje, a yayyafa ruwa, kowace ta ɗauki madaɓi, su durƙusa a jere suna bugu suna waƙa tun safe har rana ta karkata. Gobe a sake. Sai ƙasa ta ƙi karɓar bugu sa'an nan a kawo ruwan makuba, wanda aka jiƙa daga ɓawon ɗorawa, a shafe, ya ba daɓen ƙarfi da launin nan mai duhu. Makuba aikin rabin yini ce, bugun shi ne aikin kwanaki. Ba a taɓa jin macen da ta shafa makuba a kan ƙasar da ba a daɓe ba, da ta yi haka da tsararrakinta sun yi mata dariya har ta tsufa. Shi kuwa da takardar shaidarsa ta malanta abin da ya yi ke nan, har sau biyu.

Birkilan ya zaɓi ƙarshen Oktoba, ruwa ya ɗauke, hunturu bai kankama ba. Leburori suka farfashe tsohon daɓen, suka kwashe ƙasar da mai ya jiƙa. Aka zuba marmara kaɗan-kaɗan, kowane zubi a yayyafa ruwa a kirɓe, har tsohon ya taka da dunduniya bai ga sawu ba. Aka bi da yashi don kada tsini ya huda abin da za a shimfiɗa, sa'an nan aka baza leda mai kauri bango zuwa bango, inda biyu suka haɗu a ɗora ɗaya a kan ɗaya kamar taƙi guda, a liƙe. Ita ce za ta tsare laima, kuma a cikin kayan aikin duka ita ta fi araha. A kanta aka shimfiɗa ragar ƙarfe, aka ɗaga ta da 'yan duwatsu don ta zauna a tsakiyar kankare.

Wajen kwaɓi ne aka yi rigima. Ma'aunin tsohon shi ne siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, watau buhu guda mai kilo 50, wanda yake cika kwanon sarki biyu, ya ci kwano 4 na yashin kogi mai kaifi da kwano 8 na fasasshen dutse. Kaurin daɓen inci 4, abin da ya tashi buhu 12 da ɗoriya. Hedimasta ya ji tsohon halinsa ya motsa, ya buɗe baki zai ce ko a ƙara yashi, ya tuna, ya yi shiru. Leburori kuma suna so su tsinka kwaɓin da ruwa don ya yi sauƙin zubawa, tsohon ya zauna a kan durom ɗin ruwa da kansa, sai abin da ya auna. Ruwan da ya wuce kima in ya ƙafe rami yake bari a cikin kankare, shi ne mafarin ƙurar nan da ta dame su shekara da shekaru. Ya karkata daɓen wajen ƙofa da kamar inci 2 da rabi, don ruwan da mota ta shigo da shi ya koma inda ya fito. Ya tsaga layi guda a tsakiya, zurfin inci 1, ya raba wurin gida biyu, ya ce kankare ba ya rasa tsagewa, gara a nuna masa inda zai tsage. Da wani yaro ya ɗebo busasshen siminti zai barbaɗa a sama don ya goge ya yi ƙyalli, kamar yadda aka saba, tsohon ya daka masa tsawa. Da katako aka lallashe fuskar, da ta fara kamawa ya karɓi tsintsiyar kwakwa ya ja ta a hankali daga ƙurya zuwa ƙofa, ta bar 'yan siraran layuka masu kama ƙafa.

Saura jira, shi ne kuwa ya fi wuya. Mutane da yawa suna tsammani bushewa ce take sa siminti ƙarfi, alhali ruwa ne abincinsa, da shi yake haɗuwa ya zama dutse. Aka lulluɓe daɓen da buhunan algarara, jikoki suka karɓi aikin jiƙa su safe da yamma har kwana 7, lokacin da kankare yake samun wajen kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa. Mota kuwa tsohon ya ce kada ta shiga sai an cika kwana 28. Ran nan ne Peugeot ta fara kwana a waje. Hedimasta ya cire batir ya kai ɗaka, ya shimfiɗa tabarma a bakin taga, kare ya yi haushi ya tashi, akuya ta gifta ya tashi. Ran kwana na ashirin ya je ya roƙi sassauci, tsohon ya ce, “Ranka ya daɗe, kai ka taɓa ba yaro sakamako kafin ya gama jarrabawa?” Ya dawo ya cika kwanakinsa.

Da ɗan nan ya zo hutun Salla ya ga daɓe fari fat, ba sheƙi, ga layin tsintsiya, bai iya ɓoye abin da ke ransa ba. Ya ce, “Baba, duk kuɗin nan, sai ka ce tashar mota?” Hedimasta bai amsa ba, ya ɗauko buta ya kwarara ruwa a ƙurya. Suka tsaya suna kallo ruwan ya bi layukan ya gangara ya fita ƙofa. Birkilan dai ya riga ya ce a bar shi ya ga damina guda, in an sake gwajin leda ta fito a bushe, to, a shafa ifoksi na gaskiya in ana so, zai zauna.

Damina ta zo ta kai tsakiya. Ran wata Asabar cikin Agusta, bayan an kwana uku ana ruwa, Hedimasta ya yanko leda da kansa ya liƙa a ƙurya, ya kwana. Da safe ya ɗaga, ba raɓa, simintin fari kamar yadda yake. Ya bugo wa ɗansa waya ya gaya masa, ɗan ya ce to, sai a nemo masu inji, shi zai biya. Hajiya tana jin su, ta fito daga wanke-wanke da jiƙaƙƙun ƙafafu, ƙwarya a hannun da ya warke, ta ratsa garejin ba ta dafa bango ba. Ta ce, “Malam, ka gaya masa in za a shafa, a watsa yashi a kai tun bai bushe ba, yadda mai ginin ya ce ana yi. In kuwa madubi yake so, akwai a ɗakina.”

Hedimasta ya ce wa yaron za su yi shawara bayan kaka. Ya ajiye wayar, ya durƙusa ya jawo tsohon farantin da yake ajiyewa cike da yashi a ƙarƙashin injin, ya ga mai ya ɗiga sau uku cikin dare. Ya kai yashin bayan gida ya zubar, ya ɗebo sabo, ya mayar da farantin wurinsa.